Miyar Mémé Freha

Shekara bakwai Hassia, 'yar Damagaram, ta yi tana jinyar Mémé Freha a Paris. Da tsohuwar ta rasu, sai 'yan gidan suka farga babu wanda ya iya miyar koren wakenta mai faɗi, fèves, wadda suke sha duk Idin Pesah na Yahudawa tun suna Maroko. Jikarta Déborah ta aiko wa Hassia tikitin jirgin ƙasa zuwa Lyon, ta zo ta dafa musu ita a Idin bana.

Hassia na ɓare wake, Déborah na share kicin kamar mai neman allura.

"Satin nan ko ɗigon alkama mai yisti ko makamancinsa ba ya kwana a gidan Bayahude," in ji Déborah. Ta jefa kwalin dunƙulen miya a shara. "Har wannan, da alkama a ciki."

Hassia ta dakata da ɓare waken. Dunƙule biyu na cikin aljihunta. Tun da hannun Mémé ya fara rawa ita ke juya tukunyar, kuma wace 'yar Damagaram ce za ta sauke miya babu dunƙule? Takan marmasa shi ne in tsohuwa ta juya baya, don kada ta ji an raina girkinta. Ashe haram take ɗura wa baiwar Allah, a satin da ta fi tsarkakewa.

Ta dafa miyar da dankali, ganyen koriyanda da kurkum, aljihu bai buɗu ba.

Déborah ta ɗanɗana, ta ɓata fuska. "Da abin da ya rage."

Mahaifinta Élie, ɗan marigayiyar, ya karɓi cokalin. Ya daɗe bai haɗiye ba. "Wannan ita ce ta garinmu Meknès."

Duka biyun suka dubi Hassia. Tana iya cewa gishiri ne, a wuce wurin. Ta fito da dunƙulen ta ajiye a tebur.

"Pardon, Baba. Ni ke sa shi, duk shekara. Wallahi ban sani ba, ita ma ba ta sani ba."

Déborah ta ɗauke su da tsumma ta fita waje. Hassia ta tsaya jiran kora.

Élie ya zauna a hankali. "Na ɗauka tsufa ne ya ɓata mata hannu," ya ce. "Kowace shekara sai ta miƙo mini ƙari, ni kuma in ce mata na ƙoshi."