Fitilar Numajiri

Fitilun takarda sun cika maƙabartar ƙauyen Numajiri, ja da rawaya da shuɗi, kowacce ɗauke da sunan wanda ya kafa ta, don mamaci ya san wa ya ziyarce shi a Obon, bikin tunawa da matattu. Tatsuo ya tsaya gaban kabarin mahaifinsa riƙe da tasa fitilar, ba rubutu a jikinta.

"Rubuta mana," in ji Gwaggo Fusa, ƙanwar marigayin, tana miƙa masa alƙalami. "Ko hannun ma surukanka ka bar wa?"

Numajiri na nufin gindin fadama, inda ruwa ke kwanciya, sauro ya yi gida. Kakannin Tatsuo ne suka janye ruwan suka shuka shinkafa, har ƙauyen da gidansu suka ci suna ɗaya. Shi kuwa Tatsuo tun yana makaranta yake jin warin taɓo a sunan. Da masu kamfanin miso, daddawar waken soya, a Hiroshima suka rasa ɗa namiji, suka nemi surukin da zai ɗauki sunansu, ko shawara bai yi ba ya auri 'yarsu ya zama Kuramoto. Alhali shi kaɗai mahaifinsa ya haifa. Tsohon bai ce uffan ba har ya rasu, kuma shirun ya fi zagi ciwo.

'Yarsa Chiharu ta sunkuya tana karanta dutsen kabarin. "Baba, me ya sa sunan Kaka ya bambanta da namu?"

"Dogon labari ne."

"Ina tsawon?" in ji Gwaggo. "Sauro ne ya kori ubanki."

Kunya ta rufe shi. Ya rubuta Kuramoto da ƙananan baƙaƙe can ƙasa, ya kafa fitilar.

Sai ga Genzo, tsohon maƙwabcinsu, da bokitin wanke kabari. Bai gane Tatsuo ba. Ya kai idonsa dab da takardar.

"Fusa, wane ne kuma Kuramoto? Na ɗauka daga ke sai ke a gidan nan."

Gwaggo ta ba ɗan wanta fili ya ce shi ne ɗan marigayin. Tatsuo ya kama kallon takalmansa.

"Wani mutumin kirki ne daga birni," in ji ta a ƙarshe. "Ya ga kabarin ba ɗa ba jika, ya tausaya."

Genzo ya ajiye bokitin, ya rusuna sosai. "Mun gode, baƙo. Marigayin zai ji daɗi."

Tatsuo ya rusuna ya karɓi godiyar, Chiharu tana kallonsa.