Naɗin Auta

Noti huɗu ne kacal suka riƙe murfin injin, kuma Mai Naɗi ya san kowannensu, don da hannunsa ya ɗaure su. Yana zaune a kan wata doguwar kujera mara jingina a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar 'yarsa, idonsa bai bar notin nan ba. Mutumin da wutar lantarki ta taɓa jifa da shi daga kan tebur har bakin ƙofar shago, ya tashi ya kaɗe riga ya koma aiki, yau ga shi gumi na bin bayansa saboda ƙarafa huɗu da ba su kai ɗan yatsa ba.

Sana'arsa naɗin waya. Fanka ta ƙone, injin jan ruwa ya yi shiru, a kawo masa, ya farke cikin, ya zare ƙonanniyar waya, ya naɗa sabuwa. Shekara talatin da ɗoriya yana haka, har sunan yanka ya ɓace, sunan aiki ya zauna. Boko kuwa aji uku ya yi ya ajiye. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta ɗauki abin da ya ajiye ta kai shi har ajin ƙarshe na sakandare.

Injin da ke kan teburin nata ne. Ta yanka bututun roba ta yi masa fukafukai, ta ciro maganaɗisu daga matattun rediyo, ta naɗa waya a ciki, ta yadda in iska ta juya fukafukan sai ƙwan lantarki ya kama. Wata biyu tana fama da shi a lungun shagon ubanta bayan an tashi daga makaranta. Da shi ta je gasar kimiyya ta makarantu ashirin da shida, ta dawo da kofi. An kira ta gaban taron safe an tafa mata, an manna hotonta a allon sanarwa. Kuma duk wanda ya ci kofin nan, hukumar gasar ce ke ɗaukar nauyin karatunsa a jami'a.

Abin da Auta ba ta sani ba shi ne, kwana biyu kafin gasar, da hantsi, tana makaranta, ubanta ya kwance murfin don ya leƙa kawai. Sai ya ga naɗin. Waya siririya kamar gashi, ta hau kan juna, nan tudu can kwari, ƙarshenta an liƙe da salatif. Wannan ne zai fita daga shagonsa a ce 'yar Mai Naɗi ce ta yi? Kafin azahar ya warware shi tas, ya ɗauko wayarsa mai kauri ya naɗa nasa, layi bisa layi, ya ɗaure da zare, ya shafe da banish ya kame, ya mayar da murfi. Bai gaya wa kowa ba. A ransa gyara ya yi, irin wanda uba kan yi wa wuyan rigar ɗansa kafin ya fita.

Mako guda bayan kofi, Auta ta shigo shago da takarda a hannu, tana murmushi.

"Baba, hukumar gasa za ta turo mutane ranar Laraba. Za su buɗe injin, su tabbatar ni na yi. An ce iyaye su zo."

"Su buɗe?"

"Kowace shekara haka ake yi wa wanda ya zo na ɗaya. In aka samu babba ne ya yi wa ɗalibi, sai a aika sunansa duk makarantu a matsayin mai maguɗi, makarantarsa kuma a hana ta gasa shekara uku." Ta ɗaga kafaɗa. "Ni ina ruwana. Su buɗe mana."

Mai faci, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo da taya a kafaɗa. "Baban Farfesa, ka nemi aron tabarau ka sa ranar. Kada ka je ka ba mu kunya, a ce ka sa hannu ka dangwala yatsa."

Auta ta yi dariya. Mai Naɗi ma ya buɗe baki kamar mai dariya, amma sauti bai fito ba.

Washegari ya tafi makarantar da ɗan kwalbar mai a aljihu. Injin yana kulle a ofishin shugaban makaranta tun ranar gasa. Ya ce ya zo ne ya ɗan ɗiga masa mai kada ya cije. Shugaban ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Baba, ai ko ƙura ba mu yarda ta taɓa shi ba. Ka kwantar da hankalinka, yadda yarinyar ta bar shi haka za su same shi."

Sau uku yana kiran Auta don ya faɗa mata. Na farko ya ce ta miƙo masa ruwa. Na biyu ya tambaye ta ko takalminta na matse ta. Na uku ya ce ya manta. Matarsa ta dube shi da akushi a gabansa bai taɓa ba, ta ce, "Malam, kai da 'yarka ta ci kofi, me ya sa kake zama kamar wanda aka aiko wa sammaci?"

To, yau Laraba ce, ga shi ga notin.

Mutum uku hukumar ta turo, amma mai magana ɗaya ce, wata mace mai furfura a gefen ɗankwali, kowa na ce mata Injiniya. Shugaban makaranta na tsaye da kofin a gefensa. Malamin kimiyya, wanda yara ke kira Malam Batir don ba ya gajiya, yana ta kai da kawo. 'Yan ajin su Auta sun cika tagogi.

Injiniya ta yi ta jefo wa Auta tambaya, Auta na amsawa ba gargada, har da zane a allo. Mai Naɗi bai fahimci ko rabin abin da take faɗa ba, amma ya san muryar wanda ya san aikinsa. Ya fara tunanin ko za a tsaya a nan.

"Madalla," in ji Injiniya. Ta miƙa mata sukundireba. "Buɗe mana."

Noti na farko ya faɗo a tafin hannun Auta. Na biyu ya ɗan cije, don ya ɗaure shi da ƙarfin namiji, sai da ta sa hannu biyu. Ta ɗan yamutsa fuska, kamar mai mamakin yaushe ta yi wannan ƙarfin. Na uku. Na huɗu. Ta ɗaga murfin tana kallon Injiniya, murmushinta na nan, sannan ta sunkuya.

Naɗin ya yi ƙyalli a ƙarƙashin hasken taga. Ko a shago bai taɓa yi masa kyau haka ba.

Auta ta daɗe tana kallonsa. Ba ta juyo wajen ubanta ba, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce ta juyo. Tun tana rarrafe take ganin wannan ɗaurin zaren a cikin fankokin mutane.

Injiniya ta sa farce ta ƙwanƙwasa wayar. "Wannan hannu ya daɗe a aiki," ta ce a hankali. "Yarinya, ke kika naɗa wannan?"

Mai Naɗi ya tsura wa 'yarsa ido. In ta ce eh, ta yi ƙarya saboda shi, kuma za a kama ta. In ta ce a'a, sunanta ya tafi makarantu ashirin da shida.

"Na naɗa," in ji Auta. Muryarta ta yi ƙasa. "Amma ba wannan ba."

"To, wa ya yi wannan?"

Auta ta shiga murza notin nan huɗu a hannu.

Mai Naɗi bai san lokacin da ya sauko daga kujerar ba.

"Ranki ya daɗe, ni ne. Ubanta ne ni, kuma aikina ke nan. Ba ta sa ni ba, ba ta sani ba, sai yanzu da kika gani ita ma ta gani. Na buɗe na ga naɗin bai yi mini kyau a ido ba, sai hannuna ya riga hankalina. In akwai takardar da ake rubuta masu maguɗi, sunana za a sa. Ba ni da makarantar da za a kore ni."

Wani daga taga ya yi 'yar dariya, aka zungure shi. Shugaban makaranta ya ciro hankici yana goge wuya.

"Kowane uba haka yake cewa in an kama," in ji Injiniya. Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta juya wajen Malam Batir. "Akwai sauran wayar da ta yi aiki da ita?"

"Akwai, a kabad ɗina take."

"Kawo. Yarinya, cire wannan, ki naɗa mini naki a nan. Kai kuma, Baba, ka koma can baya. In na ga ko leɓenka ya motsa, mun gama."

Auta ta ɗauki filaya ta datse naɗin ubanta. Sai da ta yi da gaske, don banish ya kama. Ta tara guntayen a gefe, ta buɗe littafinta ta duba wani lissafi, ta soma.

Bai taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba. Yatsunta ba su da sauri. Wayar tana hawa kan 'yar'uwarta, tana barin gibi, kuma duk gibin da ta bari sai ya ji shi a haƙoransa. Ya zauna a kan hannayensa. Yana ƙirga zagayen a zuci, ya kai inda shi ya tsaya, ita ba ta tsaya ba. Ta ninka, ba ta tsaya ba. Ya ce a ransa, shi ke nan, tsoro ya ruɗa ta, ta ɓata ƙirga. Can wayar ta sarƙe, ta yi ƙulli. Siririyar waya in ta yi haka, ja ɗaya take jira ta tsinke. Ya rufe ido. Da ya buɗe, ta sa bakin allurar ɗankwalinta tana warware ƙullin a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarta a kan littafin.

Ta gama, ta liƙe ƙarshen da salatif. Tudu da kwari, kamar na farko.

Malam Batir ya kunna fankar ƙasa ya saita ta gaban fukafukan, a lamba ɗaya, mafi sanyin iska. Fukafukan suka yi jinkiri, suka juya sau ɗaya, suka ɗauka. Ƙwan ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa, ya yi fari.

Yaran taga suka ɓarke da tafi. Mai Naɗi bai tafa ba. Ranar da ya naɗa nasa, sai da ya kai fanka lamba uku kafin ya ga irin wannan hasken. Nan ya gane dalilin siririyar waya da yawan zagayen. Shekara talatin yana naɗa abin da ke cin wuta, bai taɓa naɗa abin da ke haifar da ita ba.

Injiniya ta duba mita, ta rubuta, ta yi shawara da abokan tafiyarta ƙasa-ƙasa. Sannan ta rufe fayil.

"Yarinyar nan ba ta yi maguɗi ba, kuma haka zan rubuta. Makaranta ma ba ta da laifi." Shugaban ya sauke numfashi. "Amma injin da alƙalai suka ba maki ranar gasa, da hannun babba a cikinsa. Ba ni da ikon canza wannan. Kofi da gurbin karatu za su koma ga wanda ya zo na biyu." Ta dubi Auta, fuskarta ta ɗan saki. "Ki dawo baɗi da wannan naɗin. Ban ga wanda zai tsaya gabanki ba."

"Ajin ƙarshe take, ranki ya daɗe," in ji Malam Batir.

Ɗaya daga cikin abokan tafiyarta ya ɗauki kofin ya sa a kwali.

Da aka tashi, Auta ta rungumi injin, fukafukan sun wuce kanta. Mai Naɗi ya miƙa hannu zai karɓa, ta ce, "Bar shi, Baba, ba nauyi." Suka fito ta babbar ƙofa, suka bi gefen titi, ita a gaba, shi a baya da taku biyu. Ya shirya magana kala-kala, kowace ya auna sai ya ji ba ta kai ba. Ya so ta yi kuka, ko ta yi masa rashin kunya sau ɗaya a rayuwarta, ya samu abin riƙewa.

Sai da suka hango shagon, mai faci na ɗaga musu hannu daga nesa yana washe baki, sannan ta rage tafiya har ya iso ta.

"Baba."

"Na'am, Auta."

"Kafin ka warware nawa, ka gwada shi?"

Ko fankar da aka tsinto a bola aka kawo masa, ba ya sa mata filaya sai ya jona ta da wuta ya ji ta bakinta. Haka ya koya, haka ya koyar.

Wata 'yar iska ta taso daga ƙarshen titi. Auta ta sa tafin hannu ta tare fukafukan don kada su buge shi a fuska, ta tsaya tana jiran amsa.