Kwalaben Kofur

Malam ya ɗaga takardar Kofur da yatsu biyu, kamar wanda ya tsamo ɓera daga bokiti.

"Uku bisa ashirin," ya ce. "Ɗaya daga ciki ma na kyawun rubutu ne."

Ajin manya ne na yamma, a ɗakin 'yan firamare, inda gwiwar Kofur ba ta shiga ƙarƙashin benci. Shekararsa biyu da barin soja. Wani kamfani ya ce zai ba shi aikin kula da sito idan ya kawo takardar shaida, kuma duk wanda ya faɗi wannan gwajin ba zai zauna babbar jarrabawa ba sai baɗi.

Labarin da suka karanta tsoho ne, an daɗe ana koyar da shi. Wani soja ne ya dawo daga yaƙi, ba ya kula kowa, kullum da safe sai ya cika duk wani mazubi na gidan da ruwa: bokiti, tukunya, kwalba, har kofin shayi. Tambayar ita ce, me ruwan yake nufi?

Malam ya gyara tabarau, ya karanta amsar Kofur da ƙarfi. "'Ya taɓa yin kwana huɗu bai sha ruwa ba. Shi ya sa.' Shi ke nan fa, jama'a. Ya gama."

Aji ya tuntsire da dariya. Wata mai kitso da ke zaune a gaba ta waiwayo. "Haba Kofur, biro ɗin haya ka ɗauko?"

"Babban marubuci zai ɓata shafi goma don ya gaya mana mutum na jin ƙishi?" in ji Malam. "Ruwa alama ce! Wanke laifi. Sabuwar rayuwa. Bokitin nan zuciya ce da yaƙi ya kwashe abin cikinta. Matsalarka, Kofur, ba ka iya shiga zuciyar soja ba."

Tela, abokin zamansa, ya ɗaga hannu. "Malam, ai shi..."

Kofur ya taka masa ƙafa a hankali.

Ko yau da safe, Kofur na cika tukwane da ruwa, sai da matarsa ta tsaya a kansa riƙe da ludayi. "Baban yara, tukunya ɗaya dai ka bar mini. A tafin hannu zan yi girkin?" Bai taɓa gaya mata yadda suka sha ruwan injin mota a bakin daga a rana ta uku ta ƙishi ba, ko yadda Dogo, wanda suke kwana rami ɗaya, ya fita neman ruwa a ta huɗu, bai dawo ba. Malam kuma bai tambaya ba.

"Don tausayi," Malam ya ce, "minti ashirin. Sake rubutawa."

Kofur ya daɗe yana kallon farar takardar. Ya tuna siton, da kujera, da fanka. Ya rubuta cewa ruwa sabuwar rayuwa ce, bokiti zuciya ce. Da ya ga akwai sauran fili, sai ya ƙara da cewa kofin shayi ɗan ƙaramin buri ne da bai mutu ba. Shi kansa bai san inda ya samo ta ba.

Malam ya karanta, ya miƙe tsaye. "Kun ji? Ƙaramin buri! Sha takwas. Yau ka san abin da yaƙi ke yi wa mutum."

Daga nan ya yi rabin awa yana sharhi kan kofin shayin, har muryarsa ta dushe. Ya yi tari, ya leƙa famfon makaranta ta taga, babu ko ɗigo.

"Wa yake da ruwa?"

Kofur ya buɗe jakarsa. Littafi ɗaya ne a ciki, da kwalabe huɗu cike. Hannunsa ya ɗan tsaya a kansu kafin ya zaro ɗaya.

Malam ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga ƙarshenta. "Kai! Ƙishi ba daɗi."

"Me yake nufi, Malam?"

"Wa?"

"Ƙishin."

"Ƙishi ƙishi ne mana, Kofur. Wace irin tambaya ce wannan?"

Kofur ya gyaɗa kai, ya karɓi kwalbarsa. Da aka tashi, Tela ya ce su bi ta hanyar tasha, ta fi kusa. Kofur ya ce ya yi gaba kawai, shi akwai famfon da zai biya tukuna.