Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni, wanda har yanzu idan na tuna shi sai dariya ta taso mini, ta zo rabin hanya ta tsaya.

Kwanaki kaɗan suka rage in tashi zuwa ƙasar da na samu aikin jinya. Abu guda ya saura, in buɗe asusu a bankin can in tura kuɗin da zan fara zama da su. An gaya mini idan kuɗin ba su riga ni sauka ba, babu ɗakin haya, babu izinin shiga. Kuɗin kuwa na Inna ne, mahaifiyata. Filinta na gado ta sayar ta damƙa mini. Da wannan tunanin na kwanta.

Ƙofar banɗakinmu na tura, sai ga ni a tsakiyar bankin da buta a hannu. Babu jirgi, babu biza. Fankokin sama suna tsaye cak, rufin ne yake juyawa, kuma iskar tana da daɗi. Mutane sun yi dogon layi suna ta kokawa, kowa yana so ya koma baya, domin a can wanda ya zo ƙarshe ake fara sallama. Ni da ban taɓa isa wuri a kan lokaci ba, ranar na ci ribar halina. Ina shiga aka ce in wuce gaba. Na wuce ina ɗaga wa jama'a hannu, bakina har kunne.

Wata zabuwa ce a kan kantar bankin, da tabarau a ƙarshen baki.

"Sauka lafiya," in ji ta, saboda da ban kwana suke fara gaisuwa.

"Sai wata rana," na amsa. "Sunana Zayyanu. Asusu nake so a buɗe mini."

"Ina kake zaune a ƙasarmu?"

"Ai ban zo ba tukuna."

"To da wa nake magana?"

Na yi mata bayani cewa sai ina da asusu za a ba ni ɗaki. Ta ce su kuma sai mai ɗaki suke bai wa asusu. Muka dubi juna, muka ga maganar kowa daidai ce, muka fashe da dariya. Daga nan ta ɗaga fiffikenta na hagu ta ce akwai wuri a ƙarƙashi, ba ruwa ba wuta, amma unguwar shiru. Na karɓi hayar nan take.

"Ka zo da asusun?" ta tambaya.

"Ba ku za ku ba ni ba?"

"Mu buɗewa muke yi. Ba ma buɗe abin da ba a kawo ba."

Na miƙa mata butar. Ta sa baki ta cire murfin, ta leƙa ciki, ta ce an buɗe. Bankin duka ya ɗauki tafi. Wani raƙumi mai gadi ya zo ya rungume ni, ya ce shekararsa da yawa a nan bai ga asusu mai hanci ba. Daɗi ya kama ni har na ji kamar in yi guɗa. Tsuntsu daga sama gasasshe.

Sai ga ni wajen canji. Kuɗin Inna sun biyo ni a baya kamar tumaki, tsofaffin takardun naira, wasu da ɗauri a ƙugu, duk suna ƙanshin turaren akwatinta. Suna tafe suna gaida kowa. Ɗan canjin hawainiya ne, yana kwance a reshen zogalen da ya tsiro a tsakiyar tebur. Kowane launi ya koma, farashi ya bi shi.

"Malam, nawa ake yi yau?"

"Wane yau ɗin? Na ɗazu ko na yanzu?"

"Na yanzu."

"Ya wuce," in ji shi, ya koma ja.

Wata tsohuwa a gefe ta raɗa mini cewa kore ne mai sauƙi, kuma ba ya zama kore sai ya ji daɗi. Na shiga yi masa kirari. Na yabi jelarsa, na yabi tafiyarsa ta ƙasaita, na ce duk dangin ƙadangare babu mai idonsa. Ya lumshe ido ɗaya, ɗayan yana kallon kuɗina, ya fara kore daga wuya. Ban jira ya kai ciki ba na ce na saya.

Wata ƙatuwar tukunya aka ɗora. Kuɗin suka shiga ɗaya bayan ɗaya, aka rufe. Duk wanda ya taɓa dafa alayyafo ya san sauran labarin. Abin da ya cika ɗaki, da aka buɗe bai cika tafin hannuna ba. Ido ba mudu ba, ya san kima, amma ni dariya kawai nake yi, ina cewa ko ba komai na huta da dako. Sababbin kuɗin ƙanana ne, fes da su, ta hanci suke magana. Na gaishe su, ba su amsa ba.

Rijiyar tura kuɗi a rufi take, bakinta yana kallon ƙasa. Zabuwa ta zuba kuɗin a butata, ta ɗaura mata igiya, ta sake ta. Butar ta faɗa sama. Na bi ta da ido ina rawa da kafaɗa, har na fara tunanin irin labulen da zan sa a ɗakina. Tana kai rabin hanya ta tsaya, tana lilo.

Zabuwa ta kara kunne a jikin igiyar ta saurara.

"Sun ƙi wucewa," ta ce. "Sun ce ba kai ne mai su ba. Sai wadda ta ba ka ta zo ta faɗi sunan wanda ta bai wa, da bakinta, kowa ya ji. Ka yi hanzari, rijiyar tana tsukewa. Idan ta rufe, kuɗin sun zama na sama, kai kuma ka zama na gida."

To, a nan matsalar take. Ni ne ɗan farin Inna, kuma tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, wadda ba ta san rangwame ba. A bakinta ni "kai" ne, ko "wannan", ko "yayan Barira", wato ƙanwata. Akwai wani mai kayan miya a layinmu da muke suna ɗaya, Inna ta gwammace ta zagaya har kasuwa da ta kira shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma tun ina ƙarami nake son in ji yadda sunan nan zai fito daga bakinta.

Ban gama tunani ba sai tabarmar Inna ta shigo da kanta, tana tafiya a hankali a kan siminti, Inna tana zaune a kai da faifai tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗaga kai ba. Raƙumi ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya," in ji zabuwa, "kin san wannan mutumin?"

"Ina dai ganinsa a gida."

"Ɗanki ne?"

"Haka mutane suke cewa."

"Mene ne sunansa?"

"Ku tambaye shi mana, ai yana da baki."

Dariya ta kuɓuce mini duk da halin da nake ciki. Zabuwa ta gyara tabarau ta sake tambaya. Inna ta ce yayan Barira. Igiyar ba ta motsa ba. Ta ce mai sunan kakansa na wajen uba. Rijiyar ta ƙara tsukewa. Ta ce wanda aka haifa shekarar da ruwa ya ci gadar garinmu, mai tabo a gwiwa, wanda ba ya cin kuɓewa sai an yi masa ƙarya an ce kuka ce. Jama'ar banki suka yi ta gyaɗa kai, suna cewa lallai shi ne, amma butar tana nan inda take.

Kowa ya kawo dabararsa. Raƙumi ya ce zai yi tari daidai lokacin da za ta faɗa, don kada ta ji kanta. Hawainiya ya sauko daga zogale ya ce a ba shi sunan ya canza mata shi zuwa na ƙasar waje, wanda babu kunya a cikinsa. Zabuwa ta yi ƙasa da murya ta ce za ta yi mata alfarma.

"Ki faɗi rabin sunan, mu tura rabin kuɗin."

"Ba rabin fili na sayar ba," in ji Inna.

Ta ɗaga kai ta dubi rijiyar. Bakin rijiyar ya tsuke ya koma kamar na tulu. Inna ta ajiye faifan, ta kakkaɓe zaninta, ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi.

"'Yar nan, idan na faɗa zai wuce?"

"Zai wuce, Hajiya."

"Za a ba shi ɗaki mai ƙofa? An ce sanyin can yana kisa."

"Mai ƙofa da makulli."

"To."

Sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Murna ta ɗebe ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. Na tashi sama kaɗan-kaɗan ina wuntsila ƙafa, ina dariya, ina ce wa raƙumi ya yi shiru kada ya kuskura ya yi tarin nan. Yau zan ji.

Daga can sama na hango ta tana ta murɗa bakin mayafinta. Sai dariyar ta tsaya. Na ɗauka filin nan shi ne abu na ƙarshe da Inna ta mallaka, ashe da saura. Abin da ta adana tun ranar sunana, shi za ta fitar a kan kantar baƙi, a gaban zabuwa da raƙumi, don kawai in samu in tafi in bar ta. Tausayinta ya kama ni, kunyar kaina ta kama ni. Na buɗe baki zan ce, Inna bari, a fasa. Na kuma rufe shi, domin ina so in tafi, kuma ina so in ji.

Bankin ya yi tsit. Rufin ya daina juyawa. Inna ta ja numfashi, ta haɗa haƙora, ta ce, "Za..."

Murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, ya yi ta juyi a kan siminti yana ƙara kafin ya kwanta. Na buɗe ido. Rana ta riga ta shigo ta taga. Na ji Barira tana ba da haƙuri, na ji Inna ta ce ba komai, ta ɗauke shi ta wanke. Sannan muryarta ta sake tasowa, daidai yadda take kullum.

"Barira, je ki ta da yayanki. Ki ce masa ya je ya ƙarasa maganar bankin nan, kada a rufe."