Karen da Bai Iya Ruwa Ba

Kullum da la'asar Duna yakan sauka bakin ruwa, ya shiga har wuya, ya fito, ya hawo gida a jiƙe. Ba ya tsayawa bakin zaure inda aka san kare da tsayawa. Sai ya shigo har tsakar gida, ya tsaya gaban madafar Inna, ya girgiza jikinsa ruwa ya fantsama a ƙasa, sannan ya juya ya fita. Ni ce mai ɗebo yashi in rufe wurin.

Haka ya yi ranar da Baba bai dawo ba. Babanmu Illo manomin albasa ne a gungu, tsibirin nan da muke hangowa daga ƙofar gida a tsakiyar ruwan Kainji. Duna ne abokin tafiyarsa, baƙin kare gajere mai faɗin ƙirji, kullum yana zaune a goshin jirgi. Bara waccan, hadarin farkon damina ya taso da la'asar ya riske su a tsakiyar ruwa. Ba mutum ne ya kawo wa Inna labari ba. Tana tankaɗe sai ta ga kare ya shigo inda bai taɓa shigowa ba, ruwa na zuba daga jikinsa, shi kaɗai. Ta ajiye rariya ta zauna a ƙasa. Masunta sun yi kwanaki suna nema, suka samo filafilinsa da hularsa, amma shi ba a same shi ba.

Tun daga ranar Duna bai sake taka jirgi ba, kuma bai fasa kawo labarin nan ba ko sau ɗaya. Ni kam wani lokaci ji nake kamar in kwaɗa masa itacen wuta, wani lokaci kuma tausayinsa ya hana ni cin abinci. Maƙwabta sun ce a kai shi wani gari a bayar. Inna ta ce a'a.

"Ku bar shi. Shi yag ga babanku daga ƙarshe," in ji ta.

Gidanmu ba gidan zama ba ne. Akwai shinkafa a fadama, akwai awaki, ni da Inna muna bandar kifi muna kaiwa kasuwar Wara, ƙanena Lukman kuma ya ɗauki gonar gungu daga inda Baba ya bari. Inna ba ta taɓa ce masa kar ya je ba, don albasar nan ce ke riƙe da gidan. Sai dai duk safiya tana tsaye a ƙofa har jirginsa ya ƙanƙance, kuma duk yamma ba ta iya haɗiyar komai sai ta ji ƙarar jan jirgi a kan yashi. Lukman irin ubansa ne sak. In ya ce zai ƙetare, ko sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya sai ya ƙetare, ya ce ai yana rigan hadarin isowa.

Da kaka ta yi ya fara maganar kare na biyu. Gafiya na yi masa ɓarna, shanun makiyaya da ake ƙetarawa da su gungu suna faɗa masa gona, ga masu zarar albasa daga tsibi in mutum ya juya baya. Yana son karen da zai zauna daram a cikin jirgi, ya iya iyo, ya iya gadi. Ya ce zai je wurin Baba Elijah, aminin Baba, wani manomi kuma maharbi da ke kiwon karnuka a wani ƙauye ta wajen Ngaski.

"Ni ma zan tahi," Inna ta ce.

Muka kalli juna ni da Lukman. Matar da ko inuwar kare ba ta so ta gifta mata shimfiɗar salla, ita ce za ta je zaɓen kare. Washegari muka hau babur mu uku.

Baba Elijah ya fito yana goge hannu da riga. Da ya ga Inna sai ya cire hula.

"Hansatu, ke da kanki? Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Baba Elijah. Kare munka zo gani."

Ya daɗe yana yi mata ya haƙuri kafin ya kai mu bayan gida. Iri uku ya nuna mana. Na farko wani jibgegen kwikwiyo ne mai gashi buzu-buzu, jinin karnukan Turawa, wanda ya ce wani tsohon soja ne ya kawo masa uwar daga Sabuwar Busa. Yana kwance a inuwa harshe a waje, yana haki da sanyin safiya.

"Wanga in yag girma, muryatai kaɗai ta isa ta kori ɓarawo," in ji Baba Elijah. "Amma cin mutum biyu shika yi, kuma zahin gungu kashe shi za shi yi."

Na ce mu da ke da Lukman a gida ba ma neman ƙarin mai cin mutum biyu. Lukman ya harare ni.

Na biyu ɗan karyar Buzaye ne da ya karɓa wurin masu raƙuma, ja, siriri, duk ƙafafu, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Baba Elijah ya ce a tudu ba abin da ke tsere wa irinsu, ko zomo ko gada, kuma suna da hanci da kunne. Na ukun kuwa tun kafin ya yi magana na gane su. Gajeru ne baƙaƙe masu faɗin ƙirji, su biyu suna kokawa a cikin ƙura.

"Jinin Duna ne," ya ce a hankali. "Ɗiyan ƙanwatai. Ni na ba Illo shi."

Lukman ya riga ya durƙusa ya ɗauki ɗaya. Kwikwiyon ya cije masa yatsa, ya yi dariya. Ni ma na san an gama magana.

Amma mutanen bakin ruwa ba sa ɗaukar kwikwiyo sai an gwada shi a ruwa, kuma Baba Elijah ba ya karya wannan. Ya zuba su cikin kwando muka bi shi zuwa wani kududdufi a ƙasan gonarsa. Ya shiga har cinya, ya fara sakin mai gashin. Ya yi ta facal-facal har ya kai gaɓa, ya kwanta. Ya saki baƙin. Wannan ko juyawa bai yi ba, ya ɗaga hanci ya nufo gaɓa kai tsaye, ya fito, ya taho har gaban Inna ya girgiza jikinsa. Ruwan ya taɓa mata ƙafa. Na ga ta ja da baya.

Sai aka saki jan. Bai yi iyo ba sam. Ya miƙe dogayen ƙafafun nan yana dukan ruwa yana kuka, kansa na nutsewa yana fitowa, har Baba Elijah ya cafko shi ta wuya. Ya manne a ƙirjin tsohon yana karkarwa.

"To kun gani," in ji Baba Elijah. "Wanga ba na ruwa ba ne."

"Shi nika so," Inna ta ce.

Lukman ya miƙe da baƙin a hannu. "Inna, gungu hwa za ni da shi. In jirgi yak kihe, wanga mutuwa za shi yi."

"Na sani."

"To mi za mu yi da shi?"

Ta kalle shi, ba ta ɗaga murya ba. "Ina da karen da ya iya dawowa gida shi ɗai. Ba ni son na biyu."

Baba Elijah ya kalli ruwan kududdufin ya daɗe, sannan ya miƙa wa Lukman jan kwikwiyon. Lukman ya ajiye baƙin a ƙasa. Da muka kamo hanyar gida, a cikin rigarsa ya sa jan kwikwiyon don kar iskar babur ta buge shi. Na lura da wannan, na kuma san Inna ta lura. Lukman ba ya jin tsoro don kansa, amma tun yana yaro ba ya iya ganin ko ɗan tsako cikin wahala.

Ya sa masa suna Tsinke. Duna ya shinshina shi sau ɗaya ya kau da kai, bai kore shi ba, bai kuma kula shi ba. Tsinke ya girma ya zama abin dariyar bakin ruwa. Duk safiya sai an ɗauke shi cak an sa a jirgi, ya kwanta a ƙasan jirgin ya cusa kai tsakanin ƙafafun Lukman, bai ɗagowa sai an taɓa gaɓa. Masunta na tambayar Lukman ko amarya ce ya ɗauko. A gungu kuwa gaskiya ya yi aiki. Gafiya ta ga ta kanta, shanu ma suka san iyakarsu. Amma saboda shi Lukman ya daina yanke ta tsakiya inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, ya koma zagayawa ta gefen ciyawa, yana mita yana cewa kare ya mayar da shi tsohuwa.

Aka cire albasa, aka fara ƙetarowa da ita. Zafi ya kai inda ya kai. Wata rana bayan azahar gabas ta haɗe, iska ta tsaya cik, awaki suka shigo da kansu. Lukman yana gungu, kuma gungu babu sabis. Na kira wayarsa duk da haka. Inna ta fita ƙofa ta tsaya. Muna kallo gungun ya ɓace cikin hadari, ruwan ya yi baƙi ya fara tashi da farin kumfa, irin na ranar nan. Iskar ta zo ta kwashe mana rufin rumfar banda.

Da ta lafa, la'asar ta yi sosai. Ba jirgi ko ɗaya a kan ruwa. Inna ta dawo ta zauna gaban madafa, hannu a kan gwiwa. Sai ga Duna ya shigo a jiƙe kamar kullum. Ya tsaya a gabanta ya girgiza. Na sha ganin wannan har ba na ƙirgawa, amma ranar sai da na zauna a ƙasa.

Inna ta sunkuyo ta kalli cikin idonsa. "Labarin wa kak kawo yau?"

Ya juya ya fita. Ban rufe wurin da yashi ba, na kasa tashi.

Kafin magariba aka shigo da Audu maƙwabcinmu, wanda gonarsa ke jikin tamu a gungu. Jirginsa ya kife da albasar duka, jarka ya rungume har masunta suka tsamo shi. Inna ta je da kanta. Ya ce tare suka ɗaura kaya da Lukman, shi ya riga turawa, bai waiga ba, bai san ko ya biyo shi ba. Ba mu kunna wuta ba a gidan ranar.

Da hantsi muna tsaye bakin ruwa tare da masu shirin fita nema sai wani jirgi ya ɓullo ta gefen ciyawa, a hankali, ya yi nauyi da buhuna. Tun daga nesa muka ji muryar Lukman yana faɗa. Ya ja jirgin kan yashi, ya ɗauko Tsinke ya dire shi a ƙasa.

"Wanga kare ba shi da amfani, Inna. Mayar da shi zan yi. Na gama ɗaurin kaya, da sauran lokaci sarai, ina iya rigan hadarin. Sai yaƙ ƙi shiga. Na ɗauke shi ya zille, na sake kamawa ya cije ni, ya ruga cikin gona. Ina bin shi har iska ta taso. Ba ni iya barinai can shi ɗai. Cikin bukka munka kwana, sauro ya gama da ni."

Ya nuna mata hannunsa inda haƙori ya shiga. Sai a lokacin ya lura da mutanen da suka taru, da igiyoyi da dogayen sandunan gora a hannunsu. Wani ya gaya masa abin da ya sami Audu. Ya juya ya kalli ruwan.

Inna ba ta rungume shi ba, ba halinta ba ne. Ta kama hannun da aka ciza ta duba, ta riƙe shi ya fi yadda dubawa ke bukata. Da muka hau gida ta buɗe kwandon banda ta zaɓi kifi mafi girma, wanda da kasuwa za a kai, ta fita zaure ta ajiye shi gaban Tsinke da hannunta. Maganar mayar da shi ba ta sake tashi ba.

Na ɗauka daga ranar Duna zai bari. Ban san me ya sa na ɗauka haka ba. La'asar na yi ya sauka bakin ruwa, ya shiga har wuya, ya hawo. Lukman na zaune gindin darbejiya yana cin tuwo, Tsinke na kwance can bakin zaure a bushe. Duna ya wuce su ya tsaya gaban madafa ya girgiza jikinsa. Na tashi zan ɗebo yashi.

Inna ta ɗaga kai ta kalli Lukman, sannan ta kalli karen.

"Na ji, Duna," ta ce. "Wancan labarin ne, na babansu. Na ji."