Rabin Numfashin Sambo

Da likitan allurar kashe zafi ya tambayi Sambo sana'arsa, Sambo ya ce noma. Ya tambaye shi ko yana tari, ya ce sai dai na mura. Matarsa Hure tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Tun da aka hana haƙar zinariya kowa a Dareta ya zama manomi, har waɗanda ba su san hanyar gonar ubansu ba. Sambo kuwa ya yi shekara da shekaru a bakin injin niƙan dutsen zinariya yana shaƙar ƙura, kuma Hure ce ke jin kukan ƙirjinsa kullum asuba.

Babur ne ya kada shi a hanyar Bukkuyum, kafaɗar dama ta karye. Mai ɗori ya gwada, ya ƙara ɓatawa. Sai aka ji likitocin tiyata sun sauka Gummi, aka kai shi. Allura suka yi masa a gefen wuya, hannun ya mutu murus, suka yi aikinsu.

Bayan azahar aka dawo da shi ɗakin jinya yana cika baki cewa ko cizon sauro bai ji ba. Can sai maganar ta fara gutsurewa. Kalma ɗaya, ya tsaya, ya ja iska. Leɓɓansa suka yi duhu.

Baffa Nababa, ƙanin mahaifinsa, ya rufe idon mamata da yawa har yana ganin abin gwaninta ce. Ya miƙe.

"Ku janye matashin nan. A kwantar da shi, a fuskantar da shi gabas."

Aka shimfiɗe shi. Nan take idanunsa suka firfito, hannun hagu ya shiga yaƙushin katifa. Baffa ya duƙa yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Hure ta san abu ɗaya: a gida, in tarin ya taso, a zaune yake barci, jingine da bango. Ta hau gadon, ta tallabo shi, ta jingina bayansa a ƙirjinta.

"Ke Hure! Gaban mutane? Ina kunyarki?"

"Baffa, a kira likita."

Wata mai jinya ce ta ruga ta kira shi. Likitan ya sa abin awo a ƙirjin Sambo, hagu, dama, ya sake komawa dama.

"Allurar wuyan nan takan kama jijiyar tantanin da ke zuga huhu," in ji shi. "Ɓangare ɗaya ya yi barci, sai maganin ya sake shi. Mai lafiyayyen huhu ko lura ba ya yi. Malam Sambo, ka ce min ba ka tari."

"Manomi na, likita," in ji Baffa. "Gero da dawa."

"To in huhunsa lafiya lau yake, ina tsoron allurar ta huda shi. Sai na fasa tsakanin haƙarƙari na sa roba. Nas, kawo kayan."

Sambo ya matse yatsun Hure, ya girgiza kai. Ba robar yake hanawa ba, bakinta yake hanawa. Hure ta ji zuciyarsa tana dukan tata ta cikin riga.

"Injin dutse shika yi," ta ce. "Tarin ya daɗe. Ko rijiya ya tai sai ya huta a hanya."

Baffa ya dubi ƙofa, kamar sojojin da ke kama masu haƙar zinariya na laɓe a bayanta suna jiran wannan kalma.

"Ni ba soja ba ne, Baba," in ji likitan. "Nas, bar kayan tukuna, kawo tukunyar iska. Kada kowa ya sake kwantar da shi."

Aka ɗaura masa abin shaƙa a hanci. A hankali duhun leɓɓan ya fara washewa. Aka kawo matasai, amma Hure ba ta sauka ba, ko da ƙafafunta suka mutu kamar hannun mijinta.

Wajen magariba Sambo ya iya haɗa kalma uku a numfashi ɗaya. Ya kashe su a kanta.

"Kin tona ni."

"Awo," ta ce. "Ja iska."

Baffa yana waje a kan tabarma, yana yi wa wani baƙo bayanin yadda geron Sambo ya yi kyau bana.