Jinin Wane Gida

Tun da ciwon daji ya ci ƙashin ƙafar Yaya, babban ɗan gidan, har ya kai shi kabari, Goggo, yayar Baba, ta samu waƙa guda: jinin gidan su Mama ne ba shi da kyau. Da aka ciro wa Auta ƙari a ƴar tsokar da ke saman ƙodarta, sai waƙar ta ƙara daɗi a bakinta. Mama ba ta taɓa tankawa ba.

Shi ya sa Gajera, ƴarsu ta tsakiya, ta nace sai ta bi iyayenta asibiti ranar da sakamakon gwajin jininsu ya fito. Ta maƙale a bayan kujerar Mama tana cizon farce. Fankar ofishin na ta ƙara kamar za ta faɗo.

Likita ya ce a cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wani mai gadi, wanda ke tsayar da ƙwaya in ta lalace kafin ta hayayyafa. Ɗa kan karɓi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yaya da Auta sun karɓi ɗaya gurgu.

"Daga wa?" in ji Baba, yana kallon Mama ta gefen ido.

"Daga wajenka ne, Malam. Ba laifinka ba ne, haka aka haife ka."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni? Likita, dube ni da kyau. Ko mura sai ta nemi izini kafin ta kama ni."

"Wani yakan daɗe ɗauke da shi ciwon bai tashi ba. Kai ma ya kamata mu riƙa duba ka, mu gwada wannan yarinyar kuma."

Gajera ta ji tsoro ya tsirga mata, amma wani daɗi mai ban kunya ya danne shi. Yau dai za a wanke Mama.

Suka dawo gida. Suka tarar da Goggo a falo, Auta na barci a cinyarta.

"To, me bokan Turai ya ce? Ko sai da aka biya shi ya faɗi abin da na daɗe ina faɗa kyauta?"

Baba ya tsaya yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kai.

"Sun ce ba su gano ba."

"Ai ni na gano."

"Goggo, likita fa cewa ya yi..." Gajera ta fara.

Mama ta damƙe mata hannu har farce ya shige. "Jeki ɗora wa Goggonki ruwan shayi."

A kicin Gajera ta kunna murhu, hawaye na ɗiga a kan murfin tukunya. Daga falo ta jiyo Goggo na cewa, "Allah dai ya sa ita wannan ta tsakiyar ta biyo mu."